In Ɗalibi Ya Gagari Malami, Ina Ake Kai Shi?

Darasin tarbiyya daga ɗaliban babban aji

  

 Darasin da ajinmu ya zaɓa wa littafin bana ya shafi wata magana da babu wanda bai taɓa ji ba a cikinmu, ko dai shi aka faɗa wa, ko na kusa da shi: "Tashi ka fita, ka je ofis!" Yawancinmu nan Garuwa da safe muna lise ko kwaleji, da yamma muna islamiyya, saboda haka muna ganin tsari iri biyu a yini ɗaya. A can akwai ofis da takardu da majalisa. A nan kuwa sau da yawa malami ne shi kaɗai da muryarsa, in ta gaza sai bulala, in ita ma ta gaza sai a ce wa yaro kada ya sake dawowa. Abin da muke so mu fahimta tare shi ne wannan: kai ƙarar ɗalibi hanya ce mai matakai, in an bi ta daidai tana kare ajin, ta kare malamin, ta kuma kare shi kansa mai laifin. In an tsallake matakan kuwa, dukkan ukun ne suke yin asara.

1. Wane laifi ne ya isa a kai ofis?

Ba kowace ƙiriniya ce fitina ba. In muka duba abin da ke faruwa a aji, za mu iya raba laifuka gida uku.

Na farko ƙananan laifuka: surutu, makara, gyangyaɗi, mantuwar littafi, tauna gyaɗa a kujerar baya. Waɗannan aikin malami ne a cikin ajinsa. Malamin da ke tura yaro ofis a kan kowane tari, da hannunsa yake rage wa kansa kwarjini, domin yara za su gane cewa ikon ba ya wurinsa.

Na biyu laifin da ake maimaitawa bayan an yi gargaɗi: wanda kullum shi ke hana aji sauraro, mai mayar wa malami baƙar magana, mai danna waya a ƙarƙashin tebur, mai gudun darasi ya haura katanga. A nan ne ake bukatar wani na uku ya shigo.

Na uku manyan laifuka: faɗan da aka ji rauni, shigo da wuƙa ko reza, shan ƙwaya irin su tramol ko sayar da ita, sata, yi wa malami barazana, takura wa 'yan mata. Waɗannan ba a jira a maimaita su. Ranar da aka gani, ranar ake kai su gaba.

Wani zai ce, to mene ne a ciki don yaro ɗaya ya yi surutu? Mu yi lissafi. Mu ɗauka aji yana da ɗalibai 80, irin wanda ba baƙonmu ba ne. Yaro ɗaya ya cinye wa malami minti 10 yana jan magana. Minti 10 sau 80 ya kama minti 800, wato awa 13 da minti 20 na lokacin mutane, a darasi ɗaya kawai. Kun ga wannan haƙƙi ne, kuma haƙƙin bayin Allah ba ya faɗuwa don mai cinsa yaro ne. Amma shi ma yaron yana da nasa haƙƙin: a saurare shi, kada a wulaƙanta shi, kada a rufe masa ƙofar ilimi a kan abin da ake iya gyarawa. Malami kuma yana da nasa: ya koyar cikin natsuwa, ya koma gidansa lafiya da mutuncinsa. Duk tsarin ladabtarwa na kirki, waɗannan haƙƙoƙi uku yake ƙoƙarin haɗawa.

2. Abin da dokar Kamaru ta tanada

Babbar dokar ilimi ta ƙasarmu ita ce mai lamba 98/004 ta ranar 14 ga Afrilu 1998. Sassa uku a cikinta sun shafi darasinmu kai tsaye. Sashe na 35 ya ba da kariya ga jikin ɗalibi da mutuncinsa, ya haramta duka da kowane irin cin zarafi a makaranta, ya haramta nuna bambanci, haka nan sayarwa ko shan giya da taba da ƙwaya. Sashe na 36 ya ɗora wa ɗalibi wajibin yin aikin karatunsa da bin dokoki, har da dokar cikin gida ta makarantar da yake. Sashe na 37 kuma ya ɗora wa gwamnati kare malami da mutuncinsa a bakin aikinsa. Ku lura da yadda aka jera su: an karɓe bulala daga hannun malami, amma ba a bar shi hannu rabbana ba, an ba shi doka da hukumar da za ta tsaya masa.

Wace hukuma ke nan? Dokar shugaban ƙasa mai lamba 2001/041 ta ranar 19 ga Fabrairu 2001 ita ta tsara makarantun gwamnati, ta fayyace aikin kowa. Ga waɗanda suka shafe mu:

Sirbeyan janar: shi ne mai kula da oda da ɗa'a. Makara, fashi, faɗa, yunifom, duk teburinsa suke fara zuwa. A ɓangaren masu karatu da Ingilishi ana ce masa disifilin masta.

Sansar: mataimakin shugaban lise ne, ya fi kula da sha'anin karatu, jadawali da jarrabawa.

Furobizar a lise, ko darakta a kwaleji: shi ne shugaban makaranta, kuma shi ke jagorantar majalisar ladabtarwa.

Majalisar ladabtarwa, wadda muka fi sani da kwansai da disiplin: ita ke zama a kan manyan laifuka. Ba mutum ɗaya ba ne. Akwai shugabannin makaranta, da wakilcin malamai, da na iyaye, da na ɗalibai, kuma ana kiran wanda ake tuhuma ya faɗi nasa.

Ban da waɗannan akwai malamin da aka ɗora wa kula da kowane aji, wato furofesar piransipal, da mai ba ɗalibai shawara, wanda aikinsa ya zauna da yaro ya gano abin da ke damunsa. Ita kuwa dokar cikin gida, wadda ake karanta mana ko a manna ta a allon sanarwa farkon shekara, a cikinta ake jera laifuka da hukuncin kowanne. Ɗalibi nawa ne a cikinmu ya taɓa karanta ta daga farko har ƙarshe? Iyaye nawa ne aka fassara musu ita da Fillanci ko Hausa? Wannan tambaya ce da ya kamata ƙungiyar iyaye da malamai, wato APEE, ta ɗauka da muhimmanci.

3. Matakan tsanin

In komai ya tafi daidai, ga yadda ƙara take hawa a lise.

Malami yana fara gargaɗi da baki, ko ya sauya wa yaro wurin zama, ko ya tsayar da shi bayan darasi su yi magana su biyu. In abin ya ci gaba, sai ya tura shi wurin sirbeyan tare da shef da kilas, ya kuma rubuta rahoto: ranar kaza, ƙarfe kaza, Wane ya yi kaza. Sirbeyan zai ji ta bakin yaron, ya shigar da abin a littafinsa, ya ba shi horon da ya dace, kamar tsare shi bayan tashi ko aikin share harabar makaranta. In laifin ya yi nauyi ko ya maimaitu, sai a ba shi takardar kiran iyaye, wadda muke ce wa kwambokasiyo. Daga nan akwai gargaɗi a rubuce, sai zargi a rubuce wanda ya fi shi nauyi, sai kora ta 'yan kwanaki. Duk waɗannan suna fitowa a jikin bultan tare da awannin fashi, shi ya sa uba mai lura ba makin lissafi da Faransanci kaɗai yake dubawa ba, yana duba gefen ɗa'a. Matakin ƙarshe shi ne kora gaba ɗaya, kuma wannan ba malami ɗaya ke yanke shi cikin fushi ba, sai majalisa ta zauna.

Abu huɗu ne ke riƙe da wannan tsani. Ana hawansa mataki-mataki. Ana rubutawa. Ana jin ta bakin wanda ake tuhuma. Kuma wanda aka yi wa laifin ba shi ne alƙali ba. Wannan na huɗun shi ne zuciyar maganar. Malamin da yaro ya zaga a gaban aji mutum ne, jini ke gudu a jikinsa. In shi zai yanke hukunci a wannan minti, da wuya ya tsaya inda ya dace. Tura yaron ofis yana ba kowa lokacin hucewa.

Kada mu ɗauka wannan wasa ne. A watan Maris 2019 an kashe wani ɗalibi da wuƙa a cikin lisen Daido da ke Duwala. Ranar 14 ga Janairu 2020 kuma, a lisen Nkolbison da ke Yawunde, wani ɗalibi ya soki malaminsa na lissafi, matashi, ya rasu. Ƙasa gaba ɗaya ta girgiza, malamai suka fito suna neman a kare rayukansu. Allah Ya kiyaye mana makarantunmu. Amma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma tsagewar tana farawa ne daga ƙananan abubuwan da aka gani aka kau da kai.

4. Ina ƙungiyar malamai take shiga?

A wasu ƙasashe, wannan hanya ta kai ƙara tana cikin yarjejeniyar aiki da ƙungiyar malamai take ƙullawa da hukumar makarantu. Amurka ce babban misali. Suna da manyan ƙungiyoyi biyu, NEA da aka kafa a 1857 da AFT da aka kafa a 1916, kuma a jihohi da yawa rassansu ne ke zama da hukumar ilimi ta yanki su rattaba hannu a kan albashi, awannin aiki da yanayin aji. A irin waɗannan yarjejeniyoyi akan sami babi a kan ɗa'ar ɗalibai: malami yana da ikon fitar da mai hana karatu, zai cike takarda, shugaban makaranta kuma dole ya sanar da shi matakin da aka ɗauka. In shugaban ya yi biris, malamin yana iya kai kuka ta hannun ƙungiyarsa. Jihar New York ma ta sa abin cikin doka a shekarar 2000: malami zai gaya wa ɗalibi dalilin fitar da shi ya kuma ji nasa bayanin, a sanar da iyaye cikin awa 24, in sun nemi zama a yi shi cikin awa 48.

Darasin da ke ciki shi ne nauyin yana kan ɓangare biyu. Malami ba ya kora ba takarda, ofis kuma ba ya karɓar takarda ya yi shiru. Sai dai takarda kaɗai ba ta maganin son zuciya. Rahoton ma'aikatar ilimi ta Amurka na 2014 ya nuna ana dakatarwa da korar ɗalibai baƙar fata ninki uku bisa fararen fata. Mu a nan ba launin fata ne jarrabawarmu ba. Tamu ita ce: ɗan mai kuɗi da ɗan talaka, ɗan gari da baƙo, ɗan wannan ƙabila da ɗan waccan, in sun yi laifi iri ɗaya, hukunci iri ɗaya suke samu?

A Kamaru tsarin ya bambanta. Malaman gwamnati ma'aikatan ƙasa ne, dokar da ta tsara aikinsu ita ce mai lamba 2000/359 ta ranar 5 ga Disamba 2000. Suna da ƙungiyoyi irin su SNAES, kuma duk mun tuna yajin aikin OTS da ya fara a Fabrairu 2022, lokacin da malamai suka ajiye alli a kan bashin albashi da jinkirin ƙarin girma. Malaman makarantu masu zaman kansu kuwa suna ƙarƙashin dokar ƙwadago ta 1992. Saboda haka hanyar kai ƙarar ɗalibi a wurinmu tana fitowa ne daga doka da kuma dokar cikin gida ta makaranta, ƙungiyoyi kuma aikinsu matsa lamba a kare malami. To malamin islamiyyar yamma fa? Da yawansu ba su da kwantaragi, ba su da ƙungiya, ɗan abin da iyaye suka tara shi ake raba musu ƙarshen wata. Irin wannan malami ba shi da garkuwa face tsarin da makarantarsa ta shimfiɗa, da goyon bayan iyaye.

5. Malamanmu na da ba su bar wannan babi ba

Wani zai iya cewa duk wannan tsarin Nasara ne. To mu koma littattafanmu na Malikiyya. Muhammadu ɗan Sahnun, wanda ya rasu a shekara ta 256 bayan hijira, ɗan mai Mudawwana, ya rubuta Adabul Mu'allimina a Ƙairawan ta ƙasar Tunisiya, kuma yana cikin littattafai mafi daɗewa a kan aikin malanta a Musulunci. A zamanin da duka ya zama ruwan dare, shi iyaka ya yi ta sakawa. Ya hana malami horo yana cikin fushi don huce haushinsa. Ya hana taɓa fuska da kai. Ya hana a hana yaro abincinsa. Ya taƙaita horon da malami zai yi da ikon kansa zuwa bulala uku, abin da ya wuce haka sai da izinin uba. Ya ɗora wa malami sanar da iyaye in yaro bai zo ba. Ya kuma yi magana a kan ƙarar da yara ke kai wa junansu, cewa ana horo ne in laifin ya tabbata ta bakin jama'a da yawa, ko mai shi ya amsa, ko masu shaidar an san su da gaskiya.

Ku duba da kyau. Iyakar ikon malami, komawa ga wani na gaba da shi, tabbatar da laifi kafin hukunci: ai matakan da muka lissafa ne a sama, fiye da shekara dubu kafin dokar 1998. Bayansa Alƙabisi, wanda ya rasu a 403, shi ma ɗan Ƙairawan, ya faɗaɗa maganar. Ya ce a fara da faɗa na baki wanda babu zagi a ciki, kuma kada a wakilta yaro ya hori ɗan'uwansa, domin tsakanin yara akwai gaba da ramuwa. Imamu Gazali, wanda ya rasu a 505, ya koyar a cikin Ihya'u cewa in yaro ya yi kuskure karon farko yana ɓoyewa, a kau da kai kada a tona shi, in ya sake a yi masa faɗa a asirce, kuma kada a yawaita faɗan har ya saba da shi. Ibnu Khaldun, wanda ya rasu a 808, ya ware fasali a Muƙaddima yana bayanin cewa tsanani yana cutar da mai koyo, yana gadar masa kasala da ƙarya da yaudara don tsoron hannu.

Asalin duk wannan kuwa halin Manzon Allah ne, sallallahu alaihi wa sallama. Mun karanta labarin baƙauyen da ya yi fitsari a masallaci, sahabbai suka zabura, Annabi ya hana su, ya sa a zuba ruwa, sannan ya kira shi ya koya masa. Mun karanta labarin sahabin da ya yi magana cikin salla don bai san an hana ba, ya ba da shaidar cewa ba a daka masa tsawa ba, ba a buge shi ba, ba a zage shi ba. Nana A'isha kuma ta shaida cewa bai taɓa bugun mace ko mai yi masa hidima ba. Aya ta 6 a Suratul Hujurati ta umarce mu da bincike kafin mu ɗauki labari mu cutar da mutane. Saboda haka in dokar ƙasa ta rufe ƙofar duka a makaranta, ƙofa ce da malamanmu dama suka yi ta matsewa har ta kusa rufewa, kuma ba a rasa wani wajibi na addini ba don an bar ta.

6. Inda hanyar take lalacewa

Akwai wurare biyar da muka lura tsarin yakan karye, ko a boko ko a islamiyya.

Fitarwa ba takarda, ba rakiya. An ce wa yaro ya fita, ba wanda ya san inda ya nufa. Ofis bai gan shi ba, gida ba su sani ba, shi kuwa yana kasuwa ko bakin Binuwai. Ga wanda dama ba ya son darasi, wannan ai kyauta ce aka ba shi.

Ofis ya zama gidan bulala. In abin da aka hana a aji shi ake yi a ofis, to wuri kawai aka sauya.

Takardar masu surutu. Shef da kilas ko monita ɗalibi ne kamar kowa, yana da abokai, yana da abokan gaba. Sunan da ya rubuta labari ne da ke bukatar bincike, kamar yadda ɗan Sahnun ya nuna.

Shirun ofis. Malami ya tura yaro, bayan minti biyar ya dawo yana murmushi, ba wanda ya gaya wa malamin abin da aka yi. Gobe malamin ba zai sake turawa ba, zai ɗauki mataki da hannunsa ko ya zuba ido aji ya lalace.

Mantawa da dalili. Yaron da ke barci a aji, wataƙila tun asuba yake talla, ko dare ya raba yana tuƙa babur. Mai faɗa ƙarfe goma sha ɗaya, wataƙila bai karya ba. A watan Maris da Afrilu, lokacin da zafin Garuwa ke haura digiri 40 ga rufin kwano, ko babba haƙurinsa gajere ne. Wani kuma ba ya ganin allo ko ba ya ji sosai, wani Fillanci ko Hausa kaɗai ya iya, darasin Faransanci ko Larabci yana wuce shi kamar iska, sai ya nemi abin yi. Dalili ba ya wanke laifi, amma shi ke nuna maganin da za a ba da.

7. Shawararmu ga islamiyya

Ba sai muna da sirbeyan da sansar ba. Da littafi ɗaya da biro za a iya farawa. Muna miƙa wa shugabanninmu wannan shawara cikin ladabi, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Mataki na 1: malami ya yi nasiha a asirce, sau ɗaya ko biyu.

Mataki na 2: in an maimaita, malami ya rubuta 'yar takarda, a raka ɗalibin wurin shugaban makaranta ko wanda ya wakilta. Takardar ta ƙunshi abu biyar: suna da aji, rana da lokaci, abin da ya faru, abin da malami ya riga ya gwada, da sa hannu. A rubuta aikin da aka gani, kada a rubuta hali. "Ya jefi Wane da takalmi ana tsakiyar hadda" ya fi "yaron banza ne, ba ya ji."

Mataki na 3: shugaba ya ji ta bakin ɗalibin shi kaɗai, ya ba da horo mai amfani wanda babu duka ko wulaƙanci a ciki, kamar share aji, cika randa, biyan abin da ya fasa, ko ba da haƙuri ga wanda ya cuta. Ya rubuta a bayan takardar abin da ya yanke, ya mayar wa malamin a ranar.

Mataki na 4: a kira uba ko waliyyi. In ɗaliba ce, a samu malama ko uwa a wurin zaman.

Mataki na 5: dakatarwa ko sallama, sai kwamiti ya zauna: shugaba, malami biyu waɗanda ba su cikin rigimar, da wakilin iyaye. In abin ya haɗa da makami ko ƙwaya ko rauni, a sanar da iyaye nan take, a kuma nemi hukumar da abin ya shafa.

Sannan kowane mataki ya zama yana da ƙofar dawowa. Wanda ya gama horonsa ya gama, kada a ci gaba da kiransa da laifin. Yaron da aka kora daga islamiyya ba wata islamiyyar yake tafiya ba a mafi yawan lokaci, tasha yake tafiya ko majalisar 'yan ƙwaya, kuma unguwa ɗaya za mu ci gaba da zama da shi.

8. Nasiha ga ɗalibi da iyaye

Ɗan'uwa, in kai aka tura ofis, ka tafi kai tsaye, kada ka tsaya musu a gaban aji ko da kana ganin kai ke da gaskiya. Wurin faɗin gaskiyarka yana gaba. In ka isa ka yi sallama, ka faɗi abin da ya faru ba ƙari ba ragi. In ka yi laifin ka amsa, amsawa tana rage rabin hukunci a wurin mutane, a wurin Allah kuma ita ce farkon tuba. In an zalunce ka, ka gaya wa mahaifinka ya zo ya bi kadi. Kuma kada ka ɓoye kwambokasiyo, kada ka ɗauko wani a bakin titi ka ce kawunka ne. 'Yar'uwa, ke ma haka, kuma in wani ne ke takura miki, ɗalibi ko babba, kai ƙara haƙƙinki ne, babu abin kunya a ciki.

Iyayenmu, Allah Ya ƙara muku girma, in takarda ta zo ku amsa kira da kanku. Ku ji ta malam kafin ku yanke, ku ji ta yaro kafin ku ɗauki dorina. Uban da ya zo makaranta ya ci mutuncin malami a gaban ɗansa ya gama koya wa ɗan darasin da ba ya goguwa. Wanda kuma ya ce "ku kashe shi ku kawo mini fata" shi ma ya sauke nauyin da Allah Ya ɗora masa ne a kan wani. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma mai tanƙwarawa a hankali yake yi, don kada ya karye.

Tambayoyin bita

1. Kawo kashi uku na laifukan aji, da misali biyu ga kowanne.
2. Me sashe na 35 na dokar 1998 ya haramta? Me sashe na 37 ya ɗora wa gwamnati?
3. Me ya sa bai dace wanda aka yi wa laifi ya zama shi ne mai yanke babban hukunci ba?
4. Kawo iyakoki uku da ɗan Sahnun ya saka wa malami.
5. Rubuta takardar kai ƙara ta layi biyar a kan ɗalibin da ya yaga littafin ɗan'uwansa, ba tare da kalmar zagi ko ɗaya ba.